Ƙishirwar Masara da Alƙawarin Masu Gyara Iri

Idan ruwa ya ɗauke na kwana goma sha a tsakiyar damina, gonar masara ce ke fara tona asiri. Da rana ta take sai ganyen ya nannaɗe, ya miƙe tsaye kamar na albasa, korensa ya koma toka-toka. Da la'asar ya ɗan saki jiki, da asuba kuma ya buɗe sarai kamar jiya ba a yi komai ba. Tsimi shukar take yi. A jikin kowane ganye akwai 'yan ƙofofi dubbai da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, kuma ta nan iskar da shuka ke haɗa abincinta da ita take shiga. Matsalar ita ce ta wannan ƙofa ɗin dai ruwa ke fita. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na ruwan da saiwa ta zuƙo daga ƙasa ta ganye yake tserewa sama, kaɗan ne ke zama a jikin shukar, shi ya sa kilo ɗaya na tsaba yake cin ɗaruruwan litoci kafin ya shiga buhu. In shuka ta rufe ƙofofinta ta tsira da ruwa amma ta wuni da yunwa, in ta buɗe ta ci abinci ta yi asarar ruwa. Duk wani mai bincike da ya ce zai samar da irin da ke jure fari, a cikin wannan matsi yake aiki, kuma babu ƙwayar gadon da ta taɓa fitar da shuka daga cikinsa.

Maganar ta shigo gidanmu tun watan Janairun 2024, lokacin da Najeriya ta amince a fara sayar da masarar TELA, nau'i huɗu daga SAMMAZ 72T zuwa SAMMAZ 75T, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar tare da gidauniyar AATF. An tallata ta a matsayin masarar da ke jure tsutsar kara, da tsutsar nan da ake wa laƙabi da soja wadda ta shigo Afirka a 2016, da kuma matsakaicin fari. Daga nan sai jama'a suka rabu biyu, wasu na cewa an kawo maganin yunwa, wasu na cewa an kawo guba, har a watan Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da irin GMO, wato wanda aka sauya wa ƙwayar gado kamar TELA, sai an yi bincike. A ganina ɓangarorin biyu duk sun tsallake tambayar da ta fi damun manomi, wato mudu nawa wannan fasaha za ta ƙara masa a shekarar da ruwa ya yi gardama. Shaidun da aka tara cikin shekara ashirin da suka wuce suna da amsa, kuma amsar ita ce ƙarin gaskiya ne amma ɗan kaɗan ne. Bai kai a yi masa ganga ba, bai kuma kai a haramta shi ba.

Don a gane dalilin ƙanƙantarsa, sai a kwatanta fari da tsutsa. Tsutsa maƙiyi ne guda mai ciki guda. Akwai wata ƙwayar bakteriya a cikin ƙasa da ake kira Bt a taƙaice, tana yin wani sinadari da ke fasa hanjin wasu tsutsotsi. Aka ɗauko ƙwayar gadon da ke ba da umarnin yin sinadarin aka dasa a cikin shuka, tsutsa ta ci ganye ta mutu. Haka aka yi wa waken SAMPEA 20-T da Samaru ta fitar a ƙarshen 2019, wanda ya rage feshin maganin tsutsar furen wake daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Ƙwaya ɗaya ta yi aiki ɗaya, kuma kowa na iya gani da idonsa. Fari ba haka yake ba, don ba abu ɗaya ba ne. Akwai farin farkon damina da ke ƙone tsiro a sa mutum sake shuka, akwai na tsakiya da ke riskar hatsi yana bununi, akwai na ƙarshe da ruwa ke ɗaukewa kafin ido ya cika. Halin da zai ceci shuka a ɗaya yana iya cutar da ita a wani. Ga kuma bambancin ƙasa, jigawa da ke tsiyaye ruwa cikin kwana biyu ba ɗaya take da laka mai riƙe damshi na mako uku ba. Juriyar fari kuwa ba a hannun ƙwayar gado ɗaya take ba, ɗaruruwa ne ke haɗa hannu, kowace da 'yar gudummawarta a tsawon saiwa, da faɗin ganye, da lokacin fure, da saurin rufe ƙofofin nan.

Masara ta fi kowane hatsi rauni a wuri guda, kuma ya kamata a dube shi da kyau. Namijin furenta yana can ƙololuwa, macen kuma tana goye a gefen kara, kowane silin gemu yana haɗe da gurbin ƙwaya ɗaya. Dole garin bununin da ke zubowa daga sama ya sauka a kan silin kafin ƙwayar ta ɗauka. Idan ƙishirwa ta kama shukar a wannan mako, saman yana fitowa kusan a kan lokacinsa, amma gemun sai ya yi nawa. Kafin ya leƙo bununi ya ƙare. Ko da an tafka ruwa bayan nan, kara zai yi kore shar, goyo zai yi girma, a ɓare a tarar da totuwa mai haƙoran tsoho, ƙwaya nan, gurbi can. Kwana biyar zuwa goma ne ke yanke hukuncin wahalar wata huɗu.

Masarar farko da aka sauya wa ƙwayar gado don fari ita ce ta kamfanin Monsanto, mai lamba MON 87460, wadda hukumomin Amurka suka amince da ita a ƙarshen 2011 aka kuma fara sayarwa a 2013 da sunan DroughtGard. An ɗauko mata ƙwaya daga wata bakteriyar ƙasa, ƙwayar da ke taimaka wa saƙonnin cikin tantanin halitta kada su cukurkuɗe idan an shiga wuya. Ƙarin amfanin da aka auna a gonakin gwaji ya tsaya a wajen kashi 6 cikin ɗari, shi ma a matsakaicin fari, in fari ya yi tsanani ba ta da abin yi. Sai alkamar HB4 ta Ajantina, aikin Raquel Chan da abokan bincikenta a Jami'ar Litoral da ke Santa Fe, waɗanda suka ciro ƙwaya daga furen nan mai bin rana da ake matse mai daga 'ya'yansa, suka dasa a alkama da waken soya. Ajantina ta amince da alkamar a 2020, Najeriya ma ta ba da izinin shigo da ita don abinci a 2022. Sakamakon gwaje-gwaje 37 da masu binciken suka wallafa a 2019 ya nuna ƙarin kashi 6 a jimlace, da kashi 16 a wuraren da zafi da ƙarancin ruwa suka fi tsanani. Wannan ya fi na masarar armashi. Amma a lura, waɗannan biyu su ne manyan zakarun fagen bayan an gwada ɗaruruwan ƙwayoyin gado an kuma kashe maƙudan kuɗi. Mafi yawan sauran sun yi abin mamaki a cikin tukunya a ɗakin gwaji, da aka kai su gona suka ba da kunya.

Dalilin wannan kunya yana da daɗin fahimta. A ɗakin gwaji akan hana tukwane biyu ruwa a ga wacce za ta riga mutuwa. Shukar da aka gyara takan daɗe, sai a yi shela. Sau da yawa kuwa abin da ya faru shi ne gyaran ya tsumburar da ita, ganyenta ƙanana, shan ruwanta kaɗan, don haka ruwan tukunyarta ya fi daɗewa. Manomi ba tsawon ran kara yake nema ba, tsaba yake nema. Shukar da ta iya rowar ruwa har ta kai kaka da rai amma ba zangarniya, da ita da wadda ta mutu a watan Agusta duk ɗaya ne a wurin mai rumbu, sai dai ko harawa. Haka abin yake a binciken rage shan ruwa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka sun ƙara ƙarfin wata ƙwayar gado a ganyen taba, ruwan da ganyen ke asara a kan kowane ma'aunin iskar da ya kama ya ragu da kashi 25 a gona. A Jami'ar Sheffield ta Ingila an samar da shinkafa mai ƙarancin ƙofofin ganye wadda ta sha kusan kashi 60 na ruwan da 'yar'uwarta ke sha. Ayyuka ne masu kyau. Sai dai ruwan da ke fita ta ganye shi ne gumin shuka, da shi take sanyaya jikinta, kuma ganyen da ya rage gumi a ranar da zafi ya haura digiri 40 yana cikin wani haɗarin. Ban da haka, a gonar damina ruwan da shuka ta bari a ƙasa ba ajiya ba ne, rana ce za ta shanye ko ciyawa. Marigayi Abraham Blum, wanda ya shafe rayuwarsa a kan wannan bincike, ya daɗe yana jan hankali cewa abin nema shi ne shuka ta kamo duk ruwan da ke ƙasa ta kashe shi a lokacin da ya fi amfani, ba ta yi ta ƙwauro ba. A noman rani, inda kowace lita sai an saye ta da man injin ban ruwa, lissafin ya bambanta, can ragin shan ruwa kuɗi ne a aljihu.

Yayin da ake wannan fafutuka, tsohuwar hanyar auratayya tsakanin iri da zaɓen 'ya'yan da suka fi ƙwazo ta yi nisa ba tare da hayaniya ba. Masu bincike na cibiyar CIMMYT a Meziko sun gano tun shekarun 1980 cewa in ka hana masara ruwa da gangan a lokacin fure, ka riƙa zaɓen wadda gemunta bai yi nawa ba, kana maimaitawa shekara bayan shekara, za ka tara ƙwayoyin juriya masu yawa a iri ɗaya ba tare da ka san sunan ko ɗaya ba. Da wannan dabara shirin masara mai jure fari na CIMMYT da IITA ta Ibadan ya fitar da nau'i fiye da 150 a ƙasashen Afirka 13, har da Najeriya, wasunsu na ba da ƙarin kashi 20 zuwa 30 a shekarar fari. IITA ta kuma fitar da masara mai nuna cikin kwana 80 zuwa 85, wadda ba jure fari take yi ba, guje masa take yi, kamar yadda gero ke riga maiwa shiga rumbu. A Japan Yusaku Uga ya gano ƙwayar da ke sa saiwar shinkafa ta nutsa ƙasa maimakon ta bazu a sama, a jikin wata shinkafar tudu ta manoman Filifin, ya kuma shigar da ita cikin shinkafar zamani ta hanyar aure. Halin nan na dawa da ke sa ganye ya zauna kore har ido ya cika, wanda masu gyara iri a Amurka da Ostireliya ke ji da shi, daga dawar manoman Habasha aka samo shi. Ita kanta TELA a kan wannan harsashi aka gina ta, domin ta fito ne daga shirin WEMA da aka fara a 2008, wanda ya soma da fitar da masara mai jure fari ta hanyar aure kafin a zo ga dashen ƙwaya. Manomin da ya shuka TELA ya ga kyau ba shi da hanyar sanin ko kariyar tsutsa ce ta yi aikin, ko kyan asalin irin, ko wani abu daban.

Mai goyon bayan fasahar zai ce kashi 6 ba abin rainawa ba ne, kuma yana da gaskiya. Buhu ɗaya a kan kowane goma sha bakwai, in aka lissafa a faɗin ƙasa, abincin miliyoyin mutane ne, kuma ƙarin yana hawa ne a kan wanda aure ya riga ya kawo, ba maye gurbinsa yake yi ba. Zai ƙara da cewa kayan aikin sun canza. Da almakashin nan na CRISPR ana iya gyara ƙwayar da shuka ta gada ba tare da an ɗauko ta wata halitta ba, kuma kamfanin DuPont Pioneer ya nuna a 2017 cewa gyaran wata ƙwaya mai suna ARGOS8 ya ƙara amfanin masara a lokacin ƙishirwar fure ba tare da ya rage shi a shekarar wadata ba. Na yarda da wannan duka, shi ya sa ban ga hikimar rufe ƙofa ba. Akwai halayen da babu su a cikin dangin shuka gaba ɗaya, aure ba zai taɓa kawo su ba. Amma sabon almakashi bai canza yadin da ake yankawa ba. Har yanzu ɗaruruwan ƙwayoyi ne ke riƙe da juriyar fari, har yanzu ruwa da iska ta ƙofa ɗaya suke bi, kuma ƙarin da ARGOS8 ta kawo shi ma 'yan kashi ne cikin ɗari. Wanda ya yi wa manomi alƙawarin masarar da ba ruwanta da fari yana shirya wa fasahar kabari ne da hannunsa, domin shekara ɗaya ta mummunan fari ta isa ta ƙaryata shi a idon kowa.

Masu adawa kuma tsoronsu kala-kala ne, bai kamata a zuba shi a kwando ɗaya ba. Batun lafiya shi ne ya fi yawo a waya, shi ne kuma ya fi rauni. Tun 1996 ake noman irin GMO ana ci, kuma babban nazarin da majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar a 2016, bayan ta bi ɗaruruwan bincike, bai sami hujjar cewa wannan abinci ya fi na gargajiya haɗari ga lafiyar mutum ba. Zancen cewa irin bakarare ne, ba ya tsira in an sake shukawa, shi ma yana buƙatar gyara. An taɓa yin rajistar wata dabarar hana iri tsira a Amurka a 1998, duniya ta yi caa, ba a kuma taɓa kai ta kasuwa ba. Abin da ke faruwa da TELA shi ne abin da ke faruwa da kowace masara mai aure, ko an taɓa ƙwayarta ko ba a taɓa ba: 'ya'yanta za su tsira, amma ba za su yi kyan uwar ba, don haka ake sake saye duk shekara. To a nan ne tsoron yake da tushe. Iri mai aure kuɗi ne da ake zubawa kafin a ga damina, kuma ba ya nuna kansa sai da taki. Manomin da ya ci bashi ya sayi iri da taki saboda an ce masa yana jure fari, sannan fari mai tsanani ya zo, ya fi wanda ya shuka na rumbunsa shiga uku. Akwai kuma darasin Burkina Faso, wadda ta rungumi audugar Bt sannan ta yi watsi da ita a 2016. Ba guba aka samu ba, tsutsa ma ta mutu yadda aka ce, amma zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Ƙwayar ta yi aikinta, irin da aka zuba ta ciki ne bai dace ba.

Abin da ya faru a Afirka ta Kudu ya fi kusa da batunmu. Ƙasar da ta fi kowace a nahiyar noman GMO ce, ba za a zarge ta da ƙyamar fasaha ba. Duk da haka a 2018 hukumarta ta ƙi amincewa da wata masarar Monsanto da ta haɗa MON 87460 da wasu halaye biyu, saboda alƙaluman gwajin ba su gamsar da ita cewa akwai ƙarin amfani a lokacin fari ba. A watan Oktoban 2024 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta soke izinin da aka ba MON 87460 tun 2015, a kan cewa hukumar ba ta bi matakin da doka ta shimfiɗa game da duba tasiri ga muhalli ba. Babu ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen biyu da ya ce masarar tana cutar da mai ci. Na farkon tambaya ce ta awo, shin abin yana aiki a ƙasarmu, kuma ita ce tambayar da ta kamata hukumar NBMA mai ba da izinin GMO a Najeriya da cibiyoyin bincikenmu su riƙa amsawa a fili. A jera iri ɗaya kafaɗa da kafaɗa, wani da ƙwayar wani babu, a gonakin manoma daga Funtuwa zuwa Biu, a shekarar wadata da ta fari, a wallafa sakamakon kowa ya gani, a kuma ware abin da kariyar tsutsa ta kawo daga abin da juriyar fari ta kawo.

Akwai wani lissafin da rigimar GMO ke rufewa gaba ɗaya. A yankinmu babban rabo na ruwan sama ba ya ma isa saiwa. Yana sauka da ƙarfi a kan ƙasar da ta yi ɓawo, ya gudu kwari, wanda ya rage kuma rana ta tsotse shi daga fili tsakanin shuka da shuka. Tun farkon shekarun 1980 masu binciken Holan da suka yi aiki a Mali suka nuna cewa a kudancin Sahel talaucin ƙasa ya fi ƙarancin ruwa tauye amfani. Shukar da ba ta sami taki ba saiwarta gajera ce, ganyenta bai rufe ƙasa ba, don haka ko ruwan da ke ƙarƙashinta ba ta iya kaiwa gare shi. Manoman Illela da Badagishiri a jihar Tawa sun farfaɗo da fako da tassa, 'yan ramukan da ake haƙawa da rani a zuba takin gida, gara ta ɓula ƙasar, ruwan farko ya taru ya nutse a inda za a shuka. A Maraɗi da Damagaram barin kututture ya sake tohowa ya mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a gonaki, da yawansu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta nuna cewa taki cikin murfin kwalba a kowane rami yana ɗaga gero da kashi da dama cikin goma. A ajiye waɗannan kusa da kashi 6 a gani.

Sannan masara ba ita ce abincin ƙasar fari ba. Tana son ruwa milimita 500 zuwa 800 a damina, gero kuwa yana ba da wani abu ko a 300. Kamfanoni sun zuba kuɗinsu a masara da waken soya ne domin can masu sayen iri suke, ba don su ne suka fi dacewa da Daura ko Tasawa ba. An kammala karanta dukan ƙwayoyin gadon gero a 2017, kuma masu binciken ICRISAT sun riga sun gano cewa geron da ya fi jure farin ƙarshen damina yana rage shan ruwa ne da tsakar rana tun yana ƙarami, ya bar saura a ƙasa don lokacin cika ido. Wato shukar da kakanninmu suka zaɓa suka riƙe har ta fitar da su daga yunwar Kakalaba ta riga ta ƙware a abin da ake ƙoƙarin koya wa masara. A gabas kuma, a firgin Borno da arewacin Kamaru da Chadi, manoma na dasa dawar masakwa a watan Satumba da Oktoba bayan ruwa ya janye, su huda laka da sanda, su zuba ɗan ruwa a ramin, su sa dashen. Daga nan ba ta ƙara ganin ɗigon sama ba har a girbe ta a cikin sanyin Janairu da Fabrairu, da damshin da lakar ta riƙe kaɗai take cika ido.